Ƙaiƙayin da ya shekara uku: shin sabuwar allurar Turai za ta yi wa Hajiya magani?

"Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata shekarunta 62, muna zaune a Maraɗi. Yau shekara uku ke nan tana fama da ƙaiƙayi a ƙafafu da hannuwa da gadon baya, har wasu ƙuraje masu tauri sun fito mata sun yi baƙi. Ba ta samun barcin kirki. Mun sayi mayuka a farmasi da kasuwa, an yi mata allurai, mun yi na gargajiya, in ya lafa kwana biyu sai ya dawo. Ƙanena da ke Faransa ya ce an fito da sabuwar allurar ƙaiƙayi, wai har akwai binciken da ake ba mutane ita kyauta. Gaskiya ne? In gaskiya ne a shirye muke mu saida fili mu sayo mata."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri bisa wannan ɗawainiya. In na fahimce ka, kana son sanin ko da gaske akwai sabon maganin, ko zai yi wa Hajiya amfani, da ko za a iya samunsa ta hannun masu bincike. Ƙanenka ya faɗi gaskiya, maganin yana nan, har ma ya fi guda ɗaya. Amma ina roƙonka a jingine maganar filin tukuna, sai an san sunan ciwon da ke damun ta. Kowace daga cikin alluran nan an yi ta ne domin ciwo takamaimai, alhali cututtukan da ke sa mutum susa suna da yawa, daga ƙwaron da ke cikin shimfiɗa har zuwa ƙodar da ta gaji.

A wajen likitoci, ƙaiƙayin da ya wuce mako 6 ya shiga sahun ciwo mai daɗewa. Wanda bai taɓa yi ba yana ɗaukarsa ƙaramin abu. Ni da nake ganin masu shi na san yana hana barci, yana hana nutsuwa a salla, yana sa dattijuwa ta daina zuwa biki da suna saboda kunyar susa a gaban mutane. Don haka ban ga laifinku ba da kuka kai ga tunanin saida fili.

Abin da masana suka gano

Shekaru da yawa ana ɗauka cewa wani sinadari da jiki ke fitarwa mai suna histamin shi ne tushen kowane ƙaiƙayi. Shi ya sa duk wanda ya je farmasi yana susa sai a miƙo masa Polaramine ko Piriton. Waɗannan ƙwayoyi suna aiki a kan borin jini, wato rudu-rudun da ke tashi ya ɓace cikin ƴan awoyi. A yawancin ƙaiƙayi mai daɗewa kuwa, barci kawai suke sa mutum, ciwon yana nan inda yake.

A 2004 aka gano wani sinadari da garkuwar jiki ke fitarwa, aka sa masa suna IL-31. A 2007 kuma masana a jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Zhou-Feng Chen, suka nuna a jikin ɓeraye cewa a cikin lakar baya akwai hanyar da saƙon ƙaiƙayi ke bi, daban da ta zafi. Daga nan aka fahimci cewa garkuwar jiki da jijiyoyin fata suna magana da juna kai tsaye. IL-31 da ƴan'uwansa biyu, IL-4 da IL-13, kamar ƴan aike suke: garkuwa ta tura su, su je su gaya wa jijiya ta yi ƙaiƙayi, mutum ya sosa, fata ta ji ciwo, garkuwa ta ƙara turo wasu. In aka yi shekaru a haka, fatar wurin takan yi kauri ta dunƙule ta zama ƙurji mai tauri. Yadda ka kwatanta ƙurajen Hajiya ya yi kama da wannan, kuma in shi ne, a takardar asibiti za ka ga an rubuta prurigo nodulaire. Sai dai ka riƙe cewa daga nesa nake magana. Ba a yanke hukunci a kan fata sai an gan ta da ido an taɓa ta da hannu.

Magungunan da yadda aka gwada su

Allurar da ƙanenka ke nufi, a zatona, ita ce dupilumab, wadda ake saidawa da sunan Dupixent. Tana tare hanyar IL-4 da IL-13. Amurka ta amince da ita a 2017 domin ekzema mai tsanani, wato bushewa da kumburin fata mai ƙaiƙayi da kan fara tun yarinta, sannan a 2022 aka amince da ita domin irin ƙurajen nan masu tauri. Ana yin ta a ƙarƙashin fata duk bayan mako biyu. Ta biyu ita ce nemolizumab, mai tare hanyar IL-31. Japan ta fara amfani da ita a 2022, Amurka ta amince da ita a 2024, ita kuma sau ɗaya ake yi a wata. Akwai ƙwayoyin haɗiya na ekzema irin su upadacitinib da abrocitinib, masu saurin kwantar da ƙaiƙayi cikin ƴan kwanaki. Akwai kuma difelikefalin da ta fito a 2021 domin masu wankin ƙoda kaɗai, ana zuba ta ta jijiya bayan kowane wanki.

Yana da kyau ka san yadda ake gane magani yana aiki, domin shi ne zai kare ka daga masu talla. Ana tara marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya, a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a yi musu allurar gaske, ɗaya kashin a yi musu allurar da ba magani a cikinta, kuma daga majinyacin har likitan ba wanda ya san wace aka yi wa wa. Kowa yana auna ƙaiƙayinsa da kansa, daga sifili zuwa 10, kuma sai ya ragu da maki 4 ake cewa an samu sauƙi na gaske. A gwajin dupilumab mai suna PRIME, wanda ya ƙunshi mutum 151 masu ƙurajen nan masu tauri, bayan mako 24 kashi 60 cikin ɗari na masu allurar gaske sun kai wannan matsayi, su kuma ɗaya ɓangaren kashi 18. A gwajin nemolizumab mai suna OLYMPIA 2, mai mutum 274 masu irin wannan ciwo, bayan mako 16 an samu kashi 56 a ɓangaren magani da kashi 21 a ɗaya ɓangaren.

Ga ciwon da a da ba shi da wani magani da aka tabbatar, wannan ci gaba ne babba, kuma ina farin ciki da shi. Amma ka sake duban lissafin. Cikin mutum goma da aka yi wa allurar gaske, kusan huɗu ba su kai ga sauƙin da ake nema ba. Kuma cikin goma da aka yi wa allurar banza, kusan biyu sun ce sun ji sauƙi sosai, saboda kulawa da shafa mai da sa rai da kuma yadda ciwon kan lafa da kansa. Wannan ne dalilin da ya sa shaidar maƙwabciya cewa ta sha abu kaza ta warke ba ta isa hujja ba, ko da gaskiya take faɗa.

Su wa aka gwada wa, kuma ina muka tsaya

Kafin a ɗauki mutum a irin wannan gwaji sai an tace shi. Likitan fata ya tabbatar da sunan ciwonsa, an duba an ga ba wani abu daban ke sa shi susa ba, a wasu gwaje-gwajen ma sai an gwada masa tsofaffin magunguna sun kasa. Sakamakon da na kawo maka na irin waɗannan mutane ne. Wanda ke da ƙazuwa aka yi masa dupilumab, ya yi asarar kuɗi, ƙwaron kuma yana nan yana haƙa fatarsa.

Akwai wasu abubuwa da suka shafe mu mu mutanen Sahel musamman. Hanyar IL-4 da IL-13 da allurar ke tarewa, da ita jiki ke yaƙar tsutsar ciki. Ba a sa masu tsutsa a gwaje-gwajen ba, kuma takardar maganin ta ce a kashe tsutsa kafin a fara. A Faransa wannan ƙaramar magana ce, a nan kuwa dole a yi gwajin bahaya. Ƙwayoyin haɗiyar da na ambata sun fi wannan haɗari, domin suna danne garkuwa har tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B da ke kwance a jiki ya farka, kuma dukansu biyu suna da yawa a ƙasarmu. Tun 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan wannan dangin magani game da daskarewar jini da ciwon zuciya da daji, musamman ga masu manyan shekaru. Mai shekara 62 ba za a miƙa mata su haka nan ba.

Yawancin waɗanda aka gwada wa magungunan nan Turawa ne da mutanen gabashin Asiya, baƙar fata kaɗan ne a ciki, duk da binciken da aka yi a Amurka ya nuna ƙurajen nan masu tauri sun fi kama baƙar fata. Ma'aunin tsananin ekzema ma a kan jan fata aka gina shi, mu kuwa kumburinmu ba ya yin ja, duhu yake yi ko toka-toka, sai a raina ciwon mutum alhali yana cikin wahala. Wannan giɓi yana damuna ƙwarai.

Sai maganar kuɗi da ajiya. Lokacin da dupilumab ta fito a Amurka, farashinta na shekara guda dala 37,000 ne, wato sama da sefa miliyan 20. Mai inshora a Faransa ba ya jin wannan nauyi, kai da za ka saya da kuɗin hannu za ka ji shi. Allurar tana danne ciwo ne muddin ana yin ta, kuma da yawa in an daina yakan dawo, ka ga kuɗin fili zai ƙare ciwon bai ƙare ba. Ana ajiye ta cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta fita daga sanyi kwana 14 ne iyakarta. Ka tuna zafin Afirilu da Mayu a Maraɗi da yadda wuta ke ɗaukewa. Duk wanda ya ce zai kawo maka ita a jaka ta Jibiya da Ɗan Isa a farashi mai rahusa, ka guje shi, domin ko dai jabu ce ko zafi ya riga ya kashe ta.

Abin da nake fara dubawa a nan

In aka kawo min mai irin wannan ciwo, tambayata ta farko ita ce wa kuma ke susa a gidan. Ƙazuwa ita ce babbar mai yaudara. A jikin dattijai masu tsafta ba ta fitowa yadda aka saba ganinta a hannun yara, kuma in an shafa mata mai mai kotizon, wato maganin kwantar da kumburi, sai ta sake kama ta ɓuya, ta yi shekaru. Gidan da jikoki ke kwana da kakarsu, ko almajirai ke shiga da fita, sai na duba tsakanin yatsu da wuyan hannu da cibiya da ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum miliyan 200 ke ɗauke da ita a kowane lokaci, kuma a 2017 ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Maganinta ruwan benzoate de benzyle ne da ake shafawa daga wuya har tafin ƙafa, ko ƙwayar ivermectin da ake sha sau biyu da tazarar mako ɗaya zuwa biyu. Sharaɗin shi ne duk ƴan gida su yi a rana ɗaya, masu susa da marasa susa, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana. Ba a ba mai ciki ivermectin, haka yaron da bai kai kilo 15 ba. Bayan ƙwaron ya mutu ma ƙaiƙayin kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya tafi, kada a ce magani bai yi ba.

A kan ƙazuwa ma ana bincike, kuma shi ya fi kusa da buƙatarmu. A tsibiran Fiji an gwada ba mutanen gari gaba ɗaya ivermectin, aka buga sakamakon a 2015: bayan shekara guda ƙazuwa ta ragu da kashi 94 cikin ɗari. Ana kuma gwada moxidectin, wadda ta fi daɗewa a jiki, ko sha ɗaya zai wadatar. Ita ivermectin ɗin nan ce ta taimaka har a watan Janairu na 2025 aka tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da ciwon makantar kogi, wanda shi ma ƙaiƙayi mai tsanani ne farkonsa. Duk da haka wanda ya yi zaman fatauci ko noma a kudancin Najeriya ko Kamaru, ina tambayarsa, domin can ciwon bai ƙare ba.

Abu na biyu, ina so a kawo min duk kwalaye da kwalaben abin da aka shafa ko aka sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yawancin mayukan da ake saidawa a tebur da na ƴan talla suna ɗauke da clobetasol ko betamethasone, kotizon mai ƙarfi, haka ma mayukan bilicin. Allurar da ka ce ana yi wa Hajiya ciwon ya lafa ya dawo, ina kyautata zaton kotizon ce ita ma. Kotizon magani ne mai kyau a hannun wanda ya san awonsa, amma in aka yi ta maimaita shi yana sirantar da fata, yana yaɗa makero, yana tayar da suga da hawan jini, yana raunana ƙashi. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayarsa kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Sannan gwajin jini: suga, ƙoda, hanta, ƙarancin jini, maƙoƙo, da ƙanjamau. Kada na ƙarshen ya ɓata muku rai. Kowa nake yi wa, babba da yaro, domin ƙuraje masu ƙaiƙayi sukan zama alamar farko, kuma maganinsa kyauta ne. In akwai rama, ko zufar dare, ko ƙaluluwa a wuya da hammata, ko ido ya yi shawara, wannan ba na jira ba ne, a je asibiti cikin makon nan. A kuma faɗi magungunan hawan jini ko na wani ciwo da take sha, don wasunsu suna sa ƙaiƙayi. Dattijanmu sun san yadda nibakin, tsohon maganin zazzaɓin sauro, ke sa baƙar fata susa, to ba shi kaɗai ke yin haka ba. Duk gwaje-gwajen nan ana yin su a manyan asibitocin Maraɗi, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kama ƙafar allura guda ba.

In an duba duka ba a sami komai ba sai ƙurajen, har yanzu akwai matakai kafin a kai ga Turai. Man kotizon mai ƙarfi a kan ƙurjin kaɗai, a rufe da bandeji na ƙayyadadden lokaci, ko a yi wa ƙurjin allura a cikinsa. Gabapentin ko amitriptyline da dare domin kwantar da jijiya, da awo kaɗan saboda shekarunta. Methotrexate, tsohon magani mai araha, sau ɗaya ake shan sa a mako, kuma wanda ya sha shi kullum zai iya rasa ransa, don haka sai da likita da gwajin hanta. A yanke farce, a bar goga jiki da soso mai kaushi, a rage sabulu mai ƙarfi da ruwan zafi, musamman da hunturu. A shafa mai da zarar an fito wanka jiki da ɗan danshi. A Ingila an gwada nau'in man jiki huɗu a kan yara 550 masu ekzema, aka buga a 2022, ba a sami wanda ya fi wani ba. Ba a sa man kaɗe a gwajin ba, amma a aikina ina ganin basilin marar turare da man kaɗe mai kyau suna biyan buƙata, kuma wanda za a iya shafawa kullum ba tare da jin tsada ba shi nake zaɓa.

Maganar shiga bincike

Gaskiya ne wanda ya shiga gwaji ba ya biyan kuɗin magani. Amma ana yin gwajin ne a asibitoci ƙayyadaddu, a kan mutanen da za su riƙa zuwa duk bayan ƴan makonni na tsawon watanni, kuma na alluran nan yawanci a Turai da Amurka da Asiya aka yi su. Ba a aiko da maganin gwaji gida. Kuma ƙuri'a tana iya jefa mutum ɓangaren allurar da ba magani.

Mutanenmu suna da dalilin tsoro. Kowa ya san abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, inda aka yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kusan 200, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta a 2009. Amma a nan jiharmu mun ga bincike mai tsafta. A Madarunfa cibiyar binciken lafiya ta Epicentre tare da ma'aikatar lafiya ta gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500, aka buga sakamakon a 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018, yau yaran ƙasashe da dama suna cin moriyarsa. Wanda ya iya wannan zai iya binciken fata. Abin da nake fata a gwada a nan shi ne maganin ƙazuwa na makarantar allo gaba ɗaya, da man kaɗe gefe da gefe da basilin, da methotrexate a kan fatarmu, sannan alluran nan a jikin mutanen da ke zaune da tsutsa da zazzaɓin sauro.

In wani ya zo muku da sunan bincike, ga yadda ake gane na gaskiya. Yana da izinin kwamitin ɗa'a na ƙasa da ke Yamai, kuma yana da lambar rajista da ƙanenka zai iya dubawa a intanet. Za a karanta wa Hajiya takardar yarda da Hausa, a ba ta lokaci ta yi shawara, a gaya mata illolin da aka sani da wanda zai ɗauki nauyi in wani abu ya faru. Tana da ikon fita ranar da ta ga dama ba tare da an daina duba ta ba. Ku tambayi abin da zai biyo baya in gwajin ya ƙare alhali maganin ya karɓe ta. Wanda ya nemi kuɗin rajista ko ya yi alkawarin warkewa, ɗan damfara ne.

Shawarata, ku kai Hajiya wajen likitan fata, a Maraɗi in an samu, in ba a samu ba Yamai ko Katsina, da kwalayen magungunan da sakamakon gwajin jini a hannu. In ya ga dama ya yanki ɗan ƙaramin ƙurji a auna, ku yarda. In bayan wata uku zuwa shida ana bin matakan da na zayyana ya tabbata prurigo ne kuma ya ƙi lafawa, a lokacin ne maganar dupilumab ko nemolizumab za ta taso, likitan ya rubuta, a shigo da ita ta farmasi mai izini cikin sanyi, ku kuma zauna da ƙanenka ku lissafa kuɗin shekara guda cur kafin a yi allurar farko.